Filashin ceto daban, faifan ajiya daban, makulli kuma a takarda

Tambaya: Wata malama mai karatun digirin digirgir ta ce: "Laftof ɗina ƙirar HP ce mai Windows 11 Pro. Aikin shekara huɗu ne a cikinta, har da muryoyin matan da na yi hira da su a kan lafiyarsu, kuma na yi musu alkawari ba wanda zai ji. Ina son faifan waje guda ɗaya wanda in laftof ta ƙi tashi zan jona shi in ci gaba da aiki, in kuma an sace shi ɓarawo ba zai iya buɗewa ba. Yaya ake yi? Ƙanwata mai MacBook ma tana son irinsa."

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya kai ki ƙarshen karatun nan lafiya. Alkawarin da kika ɗaukar wa matan nan shi ya sa zan tsawaita, domin amana ce a wuyanki. Kuma tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a watan Yunin 2023, bayanin lafiyar mutum yana cikin abin da doka ta ce a yi kaffa-kaffa da shi.

Zan fara da wurin da ba zai yi miki daɗi ba. Faifai guda ɗaya da zai tayar da kwamfuta, ya riƙe dukkan aikinki, kuma ya kasance a kulle ruf daga farko har ƙarshe, in dai faifai ne na yau da kullum, babu shi. Dalilin a cikin ginin na'urar yake. In kika danna makunni, ba Windows ce ke fara farkawa ba, wata 'yar manhaja ce da ke zaune a jikin bod ɗin kwamfutar, sunanta UEFI, ko da yake mu masu gyara har yau BIOS muke ce mata. Ita ba ta san kalmar sirrinki ba, ba ta kuma buɗe kulle. Iyakar aikinta ta leƙa faifai ta nemi wani ɗan yanki mai tsarin FAT32, wanda yawanci bai wuce megabait 100 zuwa 'yan ɗaruruwa ba, ta karanta abin da ke ciki, shi kuma ya taso da sauran. Dole wannan yankin ya zauna a buɗe. Kamar zaure ne, kowa na iya shiga ya yi sallama, shi ya sa ba a ajiye adaka a can. Adaka tana uwar ɗaki, an danna mata kwado.

To haka za ki tsara naki. Ƙaramin filashi da zai tayar da kwamfuta, wanda ba komai naki a cikinsa. Babban faifai mai kulle, inda aikin yake. Sai makulli, wanda a wurina ya fi su biyun muhimmanci, shi ya sa da shi zan fara.

A shekarun da na yi ina wannan aikin, waɗanda na ga sun yi asarar bayanansu saboda ɓatan makulli sun fi waɗanda ɓarawo ya karanta wa sirri yawa. Bara wani ɗalibi ya zo mini da laftof, saura kwana tara ya kare kundinsa. Ruwa ya shige ta, an canja mata bod, ta tashi lafiya, sai ga shuɗin allo yana neman lambobi 48. Ya ce shi bai taɓa sa wani kulle ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da ya saye ta, yaron shagon ne ya saita masa, ya buɗe masa asusun Microsoft da wani imel da ya ƙirƙira nan take, ya sa lambar wayar da shi kansa ya daina amfani da ita. Muka zauna tun bayan Azahar har aka kira Magariba muna gwada duk abin da zai iya tunawa. Faifan lafiyarsa ƙalau, kundin yana ciki, amma ba mai iya kaiwa gare shi. Daga ƙarshe kwafin da malaminsa ya yi wa gyara da jar biro ya ɗauko ya sake bugawa shafi-shafi, babi na huɗu kuwa sai da ya sake shi daga tushe. Har yanzu in na tuna yadda ya riƙe kai da hannu biyu, raina yana ɓaci.

Ga abin da ya faru. Kullen Windows sunansa BitLocker, ya fito tun zamanin Vista a 2007. Yana ajiye makullinsa a wani ɗan guntu a jikin bod mai suna TPM, wanda Windows 11 ma ba ta yarda a ɗora ta sai da shi. Kullum in kin kunna, TPM yana duba ko gidan yana nan yadda ya sani, sai ya miƙa makullin shiru ba tare da kin gani ba. Ranar da aka canja bod, ko aka taɓa Secure Boot, wato saitin tsaro na lokacin tashi da ke cikin BIOS, ko aka cire faifan aka kai wata kwamfutar, wani lokacin ma bayan sabunta BIOS, sai ya ƙi miƙawa, a nemi lambobin ceto, wato lambobi 48 ɗin nan. Kuma daga Windows 11 samfurin 24H2 da ya fito a 2024, kullen yana kunna kansa a laftof da yawa, har masu Windows Home, wato samfurin da bai kai Pro ba, da zarar an shiga da asusun Microsoft. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. Ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, gyaran kansa bai wuce goge fayil guda ba, amma duk na'urar da ke da BitLocker sai an shigar mata da lambobin nan da hannu kafin a kai ga fayil ɗin.

Don haka yau, kafin ki sayi komai, ki rubuta Manage BitLocker a wurin bincike na Windows. In a kashe yake, ki kunna shi, domin banza ne ki kulle faifan waje alhali laftof ɗin kanta tana buɗe. In a kunne yake, ki danna Back up your recovery key. Za kuma ki iya buɗe Command Prompt a matsayin mai iko (Run as administrator) ki rubuta manage-bde -protectors -get C: zai nuna miki lambobin, rukuni 8, kowane rukuni lamba 6. Ki kwafe su da biro a takarda biyu, tare da haruffa takwas na farko na lambar shaidar makullin, don da su za ki gane wane makulli ne na wane faifai. Ki sa wani ya karanto miki daga allo kina bin takardar da yatsa. Ɗaya ta shiga inda kike ajiye takardun makaranta da na fili, ɗayar ta tafi wani gidan daban, wurin wanda kika amince masa, a cikin ambulan da aka liƙe. Akwai kwafi a asusunki na Microsoft, ki shiga ki tabbata yana nan, amma kada ki dogara da shi kaɗai, domin sau da yawa waya da laftof a jaka ɗaya suke tafiya, kuma lambar tabbatarwa a wayar za ta shigo. Microsoft da kansu ba sa iya ƙirƙiro miki makullin da ya ɓata. In laftof ɗin ta gwanjo ce, ki tabbata an goge ta an sake ɗora Windows da asusunki, don wasu suna zuwa makullinsu yana hannun ma'aikatar da ta yi amfani da su a Turai.

Filashin ceto aikin yini guda ne, mai sauƙi. Ki samu filashi mai gigabait 16 ko 32 wanda ba komai a ciki, don za a goge shi tas. Kafin nan ki gwada shi da wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filashin da bayanai sannan ta karanto su. Jabu sun yi yawa a kasuwa: a rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, amma cikinsa 8 ne, duk abin da ya haura sai ya bi ruwa ba tare da wani gargaɗi ba. In ya ci gwajin, ki nemi Create a recovery drive, ki bar alamar da ke kan Back up system files to the recovery drive, ki ba shi lokaci, yana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye. Lallai a kan laftof ɗinki za a haɗa shi, kada ki karɓi na aro. Laftof da yawa masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama suna buƙatar wani direba na musamman, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane kayan na'ura, kafin a ga faifan cikinsu, filashin da aka yi a wata na'urar sai ya tashi ya ce shi bai ga faifai ba. Wannan filashin ba a sa masa BitLocker, in kika kulle shi ba zai tashi ba. Kada kuma ki ce ai akwai sauran fili bari in ɗan ajiye babi ɗaya a ciki. Ki liƙa masa takarda da kwanan wata, ki sake shi sau ɗaya a shekara.

Yanzu babban faifan. Ki sayi wanda ya ninka na cikin laftof, in 512 ne ki nemi terabait 1. A nan akwai tarkon da masu ilimi ma suke faɗawa. Mutum yana ganin tunda laftof ɗinsa tana kulle, to kwafin da ya ɗauka ma a kulle yake. Ba haka ba ne. Lokacin da Windows ke aiki, an riga an buɗe kwadon, saboda haka manhajar ɗaukar kwafi a buɗe take karanta komai, a buɗe kuma take zubawa a faifan waje. Wanda ya tsinci faifan zai ji muryoyin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Dole kwafin ya samu nasa kullen.

Hanya biyu ce. Ta farko duk kayan Windows ne: ki jona faifan, ki danna shi ta dama ki zaɓi Turn on BitLocker, tunda taki Pro ce tana da wannan damar. Shi ma zai ba ki nasa lambobin 48, su ma su shiga takarda. Sannan ki je Control Panel, wurin Backup and Restore, ki ɗauki hoton faifai sukutum, wato Windows da manhajoji da fayiloli gaba ɗaya. Tana aiki, amma tsohuwar hanya ce ta zamanin Windows 7 wadda Microsoft suka daina raya ta, kuma ranar mayarwa wataƙila sai kin buɗe faifan da umarnin manage-bde -unlock a baƙin allo kafin a ga hoton. Ba na son ɗora wa mutum wannan a ranar da hankalinsa ya tashi.

Ta biyu, wadda na fi so, ita ce manhajar da ke kulle kwafin da kanta. Veeam Agent na Windows yana da samfurin kyauta. Yana ɗaukar hoton kwamfuta gaba ɗaya a karon farko, daga nan sai abin da ya canja kawai, ya kulle da tsarin kulle mai ƙarfi na AES mai 256 in kin kunna masa kullen kin ba shi kalmar sirri, kuma yana haɗa nasa filashin ceton da direbobin na'urarki a ciki. Ranar buƙata ki tashi da filashin, ki nuna masa faifan, ki shigar da kalmar, shi ke nan. Filashi na biyu ke nan za ki saya, kuma ya cancanci kuɗinsa. Wanda tasa Home ce yana son kulle faifan waje ɗungurungum, VeraCrypt kyauta ce, tana kuma buɗewa a Windows da Mac da Linux.

Kalmar sirrin ta zama kalmomi biyar ko shida na Hausa da ba su da alaƙa da juna. Ban da karin magana, ban da aya, ban da sunan 'ya'ya da shekarar haihuwa. Ki guji haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin allon ceto ba ya zuwa da madannan Hausa, sai ki samu kanki kin san kalmar amma ba ki da wurin buga ta. 'Yan'uwanmu na Nijar masu madannan Faransanci su ƙara kula, don a wurin ceto sau da yawa tsarin Ingilishin Amurka ne ke aiki, a da q su yi musanya, z da w su yi musanya, m ta koma wani wuri.

Na san har yanzu ban ba ki abin da kika roƙa ba, wato ki jona ki ci gaba da aiki nan take. Windows ba ta son tashi daga faifan USB. Microsoft sun taɓa yin wani tsari mai suna Windows To Go, suka cire shi a 2020. Mafi kusa da burinki shi ne faifan SSD na biyu irin na cikin laftof ɗin, in nata mai ciruwa ne ba wanda aka narka a bod ba. A kwafe na ciki zuwa sabon da Clonezilla, manhajar kyauta daga Taiwan, wadda in ta tarar da BitLocker take kwafe shi yadda yake, a kulle, ba tare da ta san abin da ke ciki ba. Ranar da na ciki ya mutu, sukundireba da minti 20 sun isa a musanya, in an nemi lambobin ceto ki ba da. Sabon kada ya gaza tsohon girma, kuma mai gyara ya yi aikin a gabanki. Sai dai wannan kwafin yana tsufa tun daga ranar da aka yi shi, don haka ƙari ne a kan faifan ajiya, ba ya maye gurbinsa.

Duk wannan bai zama komai ba sai kin gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ɗauko takardar makulli ki ajiye a gefe, domin gwajin kansa yana iya sa a neme shi. Ki kashe laftof, ki jona faifan ajiya da filashin ceton hanyar da kika zaɓa, ki kunna kina danna Esc sannan F9, shi ne na HP. Dell da Lenovo F12 ne. Ki zaɓi filashin, ki bi har inda zai nuna miki faifan ajiya, ki shigar da kalmar sirri, ki ga jerin kwafin da kwanakinsu, ki tabbata ya ga faifan cikin laftof ma. A nan sai ki fasa ki fita, kada ki danna mayarwa. Bayan kin koma Windows, ki ciro fayil ɗin murya guda daga cikin kwafin ki saurara har ƙarshe. Duk wanda na haɗa wa irin wannan, ba na barinsa ya tafi sai ya yi da hannunsa ina kallo, kuma sau da dama a nan muke gano an rubuta 1 a madadin 7, ko an manta ba a kunna kullen ba.

Faifan kada ya kwana a jone. Manhajar 'yan garkuwa da fayil, irin WannaCry da ta girgiza duniya a Mayun 2017, duk faifan da ta tarar a buɗe a jikin kwamfuta tana haɗawa da shi, kuma kullenki ba ya hana ta, tunda ke kika buɗe mata. Wutar da ta dawo da ƙarfi ma haka. Ki jona, ki ɗauka, ki cire. Ki yi aikin batir yana cike, don ɗauke wuta a tsakiya yana lalata kwafi. Kada ya shiga jaka ɗaya da laftof, wanda ya fizge jaka a adaidaita sahu ya tafi da duka biyun. Kada a bar shi a mota cikin zafin bazara. In da hali ki yi faifai biyu kina musanya su, ɗaya a gida ɗaya a ofis, abin da masana ke kira 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wurin daban. Rubutun kundin ba shi da nauyi, ki riƙa tura shi Google Drive ko OneDrive kullum, amma muryoyin kada su hau intanet sai kin kulle su da manhajar kulle fayil irin Cryptomator ko 7-Zip tukuna. In za ki yi tafiya kuma ki kashe laftof gaba ɗaya, rufe murfi kawai yana barin makulli a ƙwaƙwalwarta.

Ƙanwarki kuwa, da a ce shekara goma da suka wuce ne, da burinku ya cika cikin sauƙi, don a da Mac tana tashi daga faifan waje da aka kwafa da Carbon Copy Cloner ko SuperDuper ba wata wahala. Daga macOS Big Sur a 2020 Apple suka sa wa tsarin hatimi, kwafin mai tashi ya zama abin da ba a dogara da shi. A Mac masu guntun Apple na M1 zuwa sama kuma, matakin farko na tashi a faifan ciki yake, in ya mutu murus ba faifan wajen da zai tayar da ita. Ta kunna FileVault, wato kullen Mac, ta rubuta makullinsa mai haruffa 24 a takarda in shi ta zaɓa, ta saita Time Machine, manhajar ɗaukar kwafi ta Mac, ta kunna Encrypt Backup tun ranar farko. Wurin ceto yana cikin na'urar: a riƙe makunni a masu M1, ko Command da R a masu Intel. Daga nan a sake ɗora macOS, a janyo komai daga kwafin da manhajar Migration Assistant. Tunda saukar da macOS yana cin fiye da gigabait 10, ta haɗa filashin ɗorawa mai 32 da umarnin createinstallmedia ranar da ta samu intanet mai kyau. In tata Intel ce mai guntun T2, sai ta shiga Startup Security Utility ta ba da izinin tashi daga waje tun yanzu. Masu Linux, LUKS ne kullenku, ku ɗauki kwafin kan kullen, wato yankin farkon faifai inda makullin yake, da umarnin cryptsetup luksHeaderBackup ku ajiye nesa, don in kan ya lalace kalmar sirri ba ta buɗe komai.

Idan ranar ta zo, Allah Ya kiyaye, kada ki yarda kowa ya ce bari a goge a sake ɗora Windows kafin a duba. In faifan ciki yana da sauran rai, a fara buɗe shi da lambobin ceto a kwashe aikin kwanakin ƙarshe da bai shiga kwafi ba, sannan a mayar da hoton. Bayan kwamfuta ta tashi, ki rubuta manage-bde -status ki duba, domin hoton da aka mayar yakan dawo ba kulle. Ki sake kunna BitLocker, zai ba ki sababbin lambobi 48, ki rubuta su da kwanan wata, ki aika a canja ambulan ɗin da ke ɗaya gidan. Tsohuwar takardar kada ki yaga ta muddin SSD ɗin da aka kwafa da Clonezilla yana aljihun tebur, domin shi har yanzu tsohon makullin ya sani.